Ko giya mai ƙarfi za ta iya shekara biyar a ajiye a Jos?

Mai tambaya, Rayfield:

Ina gaida dattawa da sauran 'yan'uwa na wannan zaure. Na san a cikinmu akwai waɗanda addininsu ya hana su shan giya, akwai kuma waɗanda suka bar ta don ra'ayin kansu, saboda haka ina neman afuwarsu tun da farko. Tambayata ga waɗanda suka san harkar ce.

Yayana ya daɗe yana aiki a ƙasar Beljiyam, kuma a zuwansa gida sau biyu na baya-bayan nan ya kawo mini kwalba goma sha biyu na irin giyar da ake yi a gidajen ibada na 'yan zuhudun Katolika. Akwai Rochefort 10 guda huɗu, wadda takardar jikinta ta nuna ƙarfinta kashi 11.3 cikin ɗari ne. Akwai Chimay mai shuɗiyar takarda, mai kashi 9, ƙanana uku da babba ɗaya wadda aka toshe bakinta da ɓawon itace aka ɗaure da waya. Sai Orval biyu da Westmalle Tripel biyu. Ya gaya mini cewa a can mutane suna ajiye irin waɗannan shekaru da yawa kuma daɗinsu ƙaruwa yake yi, kuma burinsa shi ne mu buɗe su tare ranar da ya yi ritaya ya dawo gida gaba ɗaya, wato nan da shekara biyar in Allah ya kai mu.

Yanzu haka suna jere a kabad mai ƙofar gilashi a falo, kuma hantsi yakan shigo ta taga ya ɗan taɓa su. Zuciyata ba ta kwanta da hakan ba, domin amana ce a hannuna. Shin sanyin Jos ya isa a ajiye giya tsawon wannan lokaci, ko kuwa dole sai firji? A tsaye ake barin kwalbar ko a kwance? Sannan idan ajiya tana gyara giya mai ƙarfi, shin baƙar Guinness tamu ta gida, wadda ita ma ba ta da sauƙi, za ta gyaru idan na ɓoye katan ɗaya tare da su?

Tsohon ma'aikacin kamfanin giya, Bukuru:

Ƙanena, kafin ka gama karanta amsata, tashi ka kwashe kwalaben nan daga kabad ɗin falo ka sa su a kwali ka rufe. Sauran bayani yana iya jira, wannan kuwa ba ya jira. Na yi fiye da shekara ashirin a sashen cika kwalba na wani kamfanin giya kafin na ajiye aiki, kuma a cikin katan-katan da 'yan kasuwa suke dawo mana da su suna ƙorafin ɗanɗano ya canza, mafi yawa idan muka bi diddigi sai mu tarar an jibge su ne a rana a bakin shago, ko a ƙarƙashin rufin kwano.

Abin da ya kamata ka fara fahimta shi ne giya iri biyu ce a wajen ajiya. Wadda muke sha kullum, ana tace ta har yis ɗin ya fita, sannan bayan an rufe kwalba a bi da ita ta cikin injin da ke watsa mata ruwan zafi har ta kai wajen digiri 60, domin a kashe duk ƙwayar da ta rage. Irin wannan ranar da ta fito daga kamfani ita ce ranar da ta fi kyau, daga nan kuma baya take yi, a hankali ko da sauri. Naka kuwa an bar musu yis mai rai a ciki, an ƙara ɗan sukari lokacin cikawa, don haka aikin bai ƙare ba ko da an sa murfi. Ɗaga ɗaya a gaban fitila za ka ga ɗan abu ya kwanta a gindinta kamar ƙurar gari. Wannan yis ɗin yana cinye ɗan iskar da ta maƙale a wuyan kwalba, shi ya sa giyar take daɗewa ba ta gaji ba.

Game da Guinness, ni mai girmama ta ne. Kamfaninta na Ikeja da aka buɗe a farkon shekarun 1960 shi ne na farko da aka gina a wajen Ayaland da Birtaniya, kuma tun bayan da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 masu haɗa giya a ƙasar nan suka koyi aiki da dawarmu, ta zama tamu sosai. Ƙarfinta kashi 7.5 ne, baƙa ce, tana da ɗaci, saboda haka ta fi farar giya juriya. Amma an riga an dumama ta, babu mai rai a ciki. Juriya daban, gyaruwa daban. Ka saya ka sha a cikin wa'adin da aka buga a jikinta, kada ka ɓata kuɗinka a kan ɓoye katan.

A cikin goma sha biyun nan ma ba duka ne na shekara biyar ba. Westmalle Tripel tana da ƙarfi, kashi 9.5, amma fara ce, kuma abin da ake so a wajenta shi ne ƙamshin nan mai kaifi da ɗan ɗacin furen hop, wato furen da ake sa wa giya don ɗaci da ƙamshi, kuma su ne suke fara gudu. Wannan ka sha ta a Kirsimetin bana. Rochefort da Chimay su ne 'yan ajiya, domin baƙaƙe ne, masu nauyi, masu zaƙin tsiro, kuma idan suka kwana biyu zafin barasar nan da ke ƙona maƙogwaro yakan lafa, sai ɗanɗanon dabino da busasshen inabi ya fito. Orval kuma halinta daban ne. Ƙarfinta kashi 6.2 ne kawai, amma an sa mata wani yis na daban wanda yake ci gaba da cin sukarin da yis na yau da kullum ba ya iya ci, don haka kullum ƙara bushewa take yi a baki, tana ƙara iska, ƙamshinta yana juyawa. Wasu suna son ta a wata shida, wasu a shekara biyu. Tunda biyu gare ka, ka raba su haka.

Wurin ajiya kuwa, nemi ɗakin da yake tsakiyar gida, wanda bangonsa bai kalli yamma ba, mai silin, nesa da kicin da inda ake tayar da janareto. Ka ɗora kwalin a kan katako kusa da ƙasa, domin ƙasan ɗaki ya fi samansa sanyi. A tsaye za ka bar su, yis ya kwanta a gindi, giya kuma kada ta riƙa taɓa murfin ƙarfe.

Malamar kimiyya, Abuja:

Baba, ina gaisuwa, kuma na ƙaru ƙwarai da bayaninka. Ni haifaffiyar Jos ce, aiki ne ya kawo ni Abuja inda nake koyar da ilimin sinadarai, kuma ina so in ƙara lissafi a kan abin da ka faɗa, domin ina ganin ɗan'uwanmu yana buƙatar ya san abin da shekara biyar take nufi a ɗakinsa.

Masu ajiyar giya a Turai suna neman wuri mai sanyin digiri 10 zuwa 13, wanda ba ya hawa da sauka, kuma ɗakunansu na ƙarƙashin ƙasa suna ba su wannan kyauta. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, shi ya sa muke alfahari da sanyinta, amma ɗakin zama a Jos yawancin shekara sama da digiri 20 yake, kuma a watan Maris da Afrilu rana takan kai wajen digiri 30 a waje. Akwai ƙa'idar da muke koya wa ɗalibai, cewa duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10, saurin haɗuwar sinadarai yakan ninka kusan sau biyu. Idan aka bi wannan, kwalbar da ta shekara biyar a ɗaki mai digiri 22 ta yi tsufan da 'yar'uwarta za ta yi a wajen shekara goma a Beljiyam. A nan Abuja, inda ɗakin ajiya yakan wuce digiri 30 a bazara, sai a sake ninkawa.

Kada kuma a ɗauka cewa zafi gajerar hanya ce zuwa wuri ɗaya. Abin da ke tsufar da giya mafi yawa iskar oksijin ce, wadda kaɗan take shiga lokacin cikawa, kaɗan kuma take ratsa murfi a tsawon shekaru. Idan aikinta ya tafi sannu a hankali a cikin baƙar giya mai ƙarfi, shi ke kawo ɗanɗanon zuma da dabino da Baba ya ambata. Idan zafi ya ingiza shi, sai wani sinadari mai ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali ya rinjaya. Shi ma yis ɗin da ke gindin kwalba ba ya rayuwa har abada, kuma zafi yana gaggauta mutuwarsa. Idan ƙwayoyinsa suka fashe sukan saki wani ɗanɗano mai kama da daddawa ko ɗunƙulen miya. Kaɗan daga cikinsa ba ya ɓata baƙar giya, amma idan ya yi yawa an yi asara. Na ga wannan da idona. Maigidana ya taɓa samun kyautar irin wannan kwalba, ya ɓoye ta a saman kanta a sito wanda rufinsa kwano ne, ya manta da ita har bazara biyu. Ranar da ya buɗe ta don baƙi, kumfa ta yi ta ambaliya har rabin kwalbar ya zube a tire, abin da ya rage kuwa launinsa ya yi duhu kamar ruwan kwata, warin tsohuwar takarda yana tashi, babu wanda ya iya kurɓa ta biyu.

Maganar haske kuma ga dalilinta. Hasken rana, har ma da na doguwar fitilar nan fara, yana farfasa sinadarin ɗaci na furen hop, gutsuren ya haɗu da sinadarin farar wuta da ke cikin giyar, a sami wani abu mai wari irin na tusar bodari, wanda hancin ɗan Adam yake jin ko da ɗigo ne a cikin tafki. A kofin gilashi a rana, 'yan mintoci sun isa. Kwalba mai ruwan ƙasa tana tare mafi yawan wannan haske, koriya tana tare kaɗan, fara kuwa ba ta tare komai, amma ko mai ruwan ƙasan ba a yi ta don hantsin kullum ba.

A nan ne zan ɗan saɓa wa Baba, da girmamawa. Ni shawarata a raba ajiyar biyu. Waɗanda lallai ake so su ga ranar dawowar yaya, a sa su a can ƙasan firji, a ciki ba a jikin ƙofa ba. A digiri 4 yis barci yake yi, tsufa kuma raguwa yake sosai, don haka ba za su ƙaru sosai ba amma za su isa lafiya. Sauran a bar su a kwali a riƙa buɗe ɗaya duk shekara. Akwai giyar Ingila mai suna Thomas Hardy's Ale, da aka fara yi a 1968, wadda masu ita suka ce tana iya shekara 25, amma wannan alkawari ne da aka yi wa ɗakin ƙarƙashin ƙasa a ƙasa mai sanyi.

'Yar Tudun Wada:

Ina gaida Baba da Malama. Ni ban san giyar Turai ba, amma a gidan burkutu na tashi, mahaifiyata ta yi wannan sana'a har ƙarfinta ya ƙare, kuma da ita ta biya mana kuɗin makaranta. Tun daga jiƙa dawa, da baza ta ta yi tsiro, da shanya, da niƙa, da dahuwa a manyan tukwane, kusan mako ake yi, amma ranar da ta nuna ranar ake shanye ta, tana tsuma tana kumfa a ƙwarya. Ta kwana ɗaya ta fara tsami, ta kwana biyu sai dai a zubar. Na kawo wannan ne saboda kada wani ya karanta maganar yis mai rai ya ce bari ya ɗura burkutu a kwalba ya ajiye. Wani maƙwabcinmu ya taɓa cika jarka ya ɗaure murfin tam zai kai wa surukinsa a ƙauye washegari, cikin dare muka ji ƙara kamar an fasa taya, da safe bango da silin duk sun yi ja. Tamu ba ta da ƙarfin barasa irin na waɗancan, ba ta da furen ɗacin nan da ke kare giya, kuma tana cike da ƙwayoyin da ke sa tsami. Ba a yi ta don jira ba.

Abin da nake so in tambaya shi ne maganar randa. Mahaifiyata takan binne gindin tulu a jiƙaƙƙen yashi a inuwar mangwaro, kuma ko da tsakar rana ka ɗebo ruwa sai haƙoranka sun amsa. Haka kuma akwai dabarar tukunya cikin tukunya da Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta daga Jigawa, ya yaɗa a karkara har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000: ƙaramar tukunya a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a riƙa zuba ruwa, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Idan tana riƙe tumatir da alayyafo kwanaki, me zai hana ta riƙe kwalba goma a sanyin da Malama take nema, ba tare da an dogara da wuta ba?

Mai tambaya, Rayfield:

Na gode ƙwarai, Baba, Malama, da ke Yaya. Na kwashe su tun jiya, suna cikin kwali a ɗan lungun da ke ƙarƙashin matakalar bene, inda babu taga. Na ajiye ma'aunin zafi a wurin, da asuba ya nuna 21, da la'asar ya nuna 23. Damuwata game da firji ita ce a unguwarmu akan ɗauke wuta wani lokaci kwana biyu a jere, kuma firjin na iyali ne, yara suna buɗe shi ba adadi. Maganar tukunya ta shiga raina. Sannan ban ji hukuncin babbar Chimay mai toshiyar ɓawon itace ba, domin na ga masu ruwan inabi kwantar da kwalabensu suke yi.

Tsohon ma'aikacin kamfanin giya, Bukuru:

Lungun nan naka ya yi. Tazarar digiri biyu tsakanin asuba da la'asar ita ce abin da na fi so in ji, domin abin da ke wahalar da murfi shi ne hawa da sauka: giya da iskar da ke wuyan kwalba su kumbura da zafi, su tsuke da sanyi, kullum ana matsa robar da ke cikin murfin. Lissafin Malama daidai ne, ban musa ba, kuma da kana da wutar sola da ƙaramin firji na kansu da na ce ka bi shawararta ka sa Rochefort biyu a ciki. Amma firjin da zai sauka digiri 4 yau, jibi ya koma 25, ya sake sauka, bai fi lungunka ba.

'Yata, dabarar tukunya dabara ce ta gaske, sai dai da tururin ruwa take aiki, saboda haka a hunturu da bazara, lokacin da iska ta bushe, take sanyi sosai. A watan Agusta, da ruwan Jos ba ya ɗaukewa kuma iska ta cika da laima, kusan ba ta rage komai. Sannan tana son a ba ta ruwa safe da yamma, wanda abu ne mai sauƙi ga tumatir na mako biyu, mai wuya ga kwalba ta shekara biyar. Ga kuma tsatsa: na sha ganin murfin da laima ta ci har ya huje a gefe, takardar kwalba ta saɓule, ba a ma san wace giya ce ba. Idan zai yi amfani da ita, ya yi a Maris da Afrilu kaɗai, ya sa kwalaben a leda mai kauri ya ɗaure, damina na sauka ya mayar da su kwali.

Babbar Chimay ma a tsaye. Akwai masu kwantar da irinta, musamman masu giya mai tsami ta yankin Burasels, amma iskar da ke cikin kwalbar tana da laimar da za ta hana toshiyar bushewa daga ciki, kuma babbar kwalba ta fi ƙarama jinkirin tsufa saboda iskar wuyanta kaɗan ce idan aka gwada da yawan giyar. Ita da Rochefort biyu su ne za ka ware wa yayanka. Ka kira shi ka gaya masa gaskiya, cewa a ɗakin digiri 22 shekara biyu zuwa uku ne ganiyarsu, na biyar kuma caca ce, don haka duk zuwan da ya yi kafin ritaya ku buɗe Chimay ƙarama ɗaya, ku rubuta kwanan wata da abin da harshenku ya ji a jikin kwalin. Ranar da kuka fara jin kwali-kwali ko daddawa, kada ku jira sauran shekarun. Tsohuwar giya irin wannan ba ta cutar da ciki, daɗinta ne kawai yake tafiya.

Idan ranar buɗewa ta zo, ka sa ta a firji kamar awa ɗaya kawai, ta yi sanyin ruwan randa, domin sanyi mai yawa yana rufe ƙamshi. Ka zuba a hankali cikin kofi mai faɗin baki, ka bar kamar faɗin yatsa a gindin kwalba inda yis ya kwanta. Kuma kada ƙanƙantar kwalbar ta ruɗe ku: Rochefort 10 ɗaya mai santilita 33 ta fi babbar kwalbar farar giya mai santilita 60 yawan barasa, saboda haka ɗaya ta ishe ku ku biyu bayan an ci tuwo, kuma wanda zai tuƙa mota a daren ya haƙura sai wani zuwan.